Gwajin barasa a kan wadda ba ta taɓa ɗanɗana ta ba

Da yammacin wata Laraba cikin watan azumi, ina tsaye a kicin ina soya ƙosan buɗa-baki, sai Yaya ta kira ni a waya, kuma tun daga yadda ta yi sallama na gane cewa ba lafiya ba. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Ita ce ta tarbe ni a filin jirgi ranar da na iso Amurka, ta ba ni ɗaki a gidanta, ta yi ta zama da ni muna bitar jarrabawar NCLEX har Allah Ya ba ni lasisin aikin jinya, kuma tun daga wancan lokacin ban taɓa kiran ta da wani suna ba sai Yaya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ƙanwata, wai an ce na sha giya." Na sauke kaskon daga wuta na nemi wuri na zauna, domin na san matar nan fiye da shekara goma, na kuma san cewa ko ƙofar shagon barasa ba ta taɓa takawa ba, balle ta kai kofi bakinta. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan labari, ta kuma amince bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta, ko asibitin da take aiki, ko jihar da muke zaune.

Abin da ya kai ta ga gwajin ba shi da alaƙa da giya ko kaɗan. Ta ji ciwo a baya wajen ɗaga wani majiyyaci daga gado, likita ya rubuta mata maganin kashe zafi mai ƙarfi daga dangin ofiyom, ciwon ya daɗe bai warke ba, maganin kuma ya kama ta sannu a hankali har ta wayi gari ba ta iya rabuwa da shi. Ita da ƙafarta ta kai kanta ta nemi taimako, kuma ina ganin wannan jarumta ce da ba kowa ke iya ta ba. A Amurka kowace jiha tana da hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, kuma yawancin jihohin suna da wani shiri na sa ido wanda ake saka ma'aikaciyar da ta faɗa matsalar shaye-shaye a cikinsa maimakon a ƙwace mata lasisi kai tsaye. Jihar Fulorida ta kafa nata mai suna IPN tun 1983, Tekzas kuma ta bi da nata mai suna TPAPN a 1987. Wadda ta shiga irin wannan shirin tana sa hannu a yarjejeniya da yawanci ke ɗaukar shekara 3 zuwa 5. Kullum da safe sai ta duba waya ko manhaja ta ga ko sunanta ya fito, in ya fito kuwa dole ta je ta ba da fitsari a ranar, kuma daga aljihunta take biyan kuɗin gwajin. Ranar da ta manta ba ta duba ba, ana rubuta mata ita a fayil.

Yarjejeniyar tana haramta barasa ga kowa, ko da abin da ya kawo mutum ƙwaya ce, bisa hujjar cewa barasa tana sassauta hankali ta buɗe ƙofar komawa ga abin da aka bari. A cikin takardun akwai shafi guda da ya jera kayan amfanin yau da kullum masu ɗauke da barasa, ya kuma bayyana cewa alhakin guje musu yana wuyan wadda ta sa hannu, ba za a karɓi "ban sani ba" a matsayin uzuri ba. Wannan shafin ne Yaya ta wuce da sauri. Ta gaya mini daga baya cewa da ta ga kalmar barasa a samansa sai ta ce a ranta wannan bai shafe ta ba, na masu sha ne. Ina jin da ni ce, abin da zan yi ke nan, kuma shi ya sa nake ganin mu da muka taso ba mu san giya ba mun fi kowa shiga haɗari a nan, domin wanda ya taɓa sha ya san ƙamshinta da wuraren da take ɓuya, mu kuwa a kwalba kawai muke zaton samun ta.

Sai da na koma na karanta yadda gwajin yake aiki kafin na fahimci abin da ya same ta. Idan barasa, wato sinadarin itanol, ta shiga jini, hanta tana ƙone fiye da kashi 90 cikin 100 nata, wani kaɗan kuma ya fita ta numfashi da gumi da fitsari. Cikin 'yan sa'o'i ita kanta barasar ta ɓace, shi ya sa tsohon gwajin da ke neman ta kai tsaye ba ya kama wanda ya sha daren Juma'a aka gwada shi safiyar Litinin. Amma akwai wani ɗan mitsitsin kaso, ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na abin da ya shiga, wanda hanta ke haɗa shi da wasu sinadarai ya zama abin da ake kira EtG da ɗan'uwansa EtS. Waɗannan biyun suna daɗewa a fitsari bayan barasar ta tafi, daga yini guda zuwa kwana 3, wani lokaci ma fiye idan an sha da yawa. Ana auna su da nanogiram a kowace mililita ta fitsari, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na giram. Na'urar da ke iya ganin abu mai ƙanƙanta haka tana faɗin gaskiya idan ta ce itanol ya ratsa jikin nan, sai dai ba ta da hanyar sanin ko ta kofi ya shiga, ko ta cokali, ko ta hanci.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 2000 ne gwajin EtG ya yaɗu a shirye-shiryen sa ido na Amurka, kuma daga cikin waɗanda suka tallata shi akwai Dokta Gregory Skipper, wanda a lokacin yake shugabantar shirin kula da lafiyar likitoci na jihar Alabama. Shi ɗin ne kuma daga baya ya fito yana gargaɗin cewa ana ɗora wa gwajin nauyin da ya fi ƙarfinsa. A 2006 jaridar Wall Street Journal ta buga rahoto kan ma'aikatan lafiya da suka rantse ba su sha ba amma sakamako ya ƙaryata su, kuma a wannan shekarar hukumar SAMHSA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ta fitar da sanarwar cewa bai dace a hukunta mutum bisa sakamakon EtG shi kaɗai ba. A 2012 hukumar ta sabunta sanarwar ta raba sakamakon gida uku. Abin da ya haura 1,000 ya fi nuna an sha da yawa kwanan nan ko an sha kaɗan a ranar. Tsakanin 500 da 1,000 yana iya zama sha, yana kuma iya zama cuɗanya mai tsanani da wani abu mai barasa cikin sa'o'i 24. Tsakanin 100 da 500 kuwa, tsohon sha da ya kusa gushewa da cuɗanyar yau da kullum duk kamanninsu ɗaya a takarda. Kowane shiri da layin da ya ja wa kansa, wasu a 500, wasu ƙasa da haka har zuwa 100. Lambar Yaya ta ɗan haura 300 ne, a shirin da layinsa ke ƙasa da wannan.

Abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka shi ne cewa babbar hanyar da barasa ke shiga jikin ma'aikaciyar jinya ita ce aikinta. Sanitaizar da ke maƙale a ƙofar kowane ɗakin majiyyaci tana ɗauke da barasa aƙalla kashi 60 cikin 100, domin abin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gindaya ke nan, kuma ita hukumar ta ce ma'aikacin lafiya yana iya tsabtace hannunsa har sau 100 a aikin sa'o'i 12. Ana matsawa in za a shiga ɗaki, a matsa in an fito, a matsa kafin a sa safar hannu da bayan an cire ta, asibiti kuma yana da masu lura da wanda bai yi ba. A 2011 Dokta Gary Reisfield da abokan aikinsa a Jami'ar Fulorida sun sa mutum 11 da ba su sha komai ba suna shafa sanitaizar Purell mai itanol kashi 62 cikin 100 duk bayan minti 5, sa'o'i 10 a yini, kwana 3 a jere. Matsakaicin EtG ɗinsu a ƙarshen kowane yini ya zagaya 500 zuwa 600, ɗaya daga cikinsu ma ya kai 2,001, alhali EtS bai kai 100 a jikin ko ɗaya ba. Binciken da aka yi a Jamus daga baya ya nuna cewa ba ta fata yawancin barasar ke shiga ba, tururinta ne mutum ke shaƙa yayin da yake murza hannu a gaban fuskarsa. Duk wadda ta taɓa tsayawa a ɗan ƙaramin ɗakin sauya riga na ɓangaren killace majiyyata, ƙofa a rufe, ta san yadda warin ke hawa kai har idanu su kawo ruwa.

A makon da abin ya faru, Yaya ta yi aikin sa'o'i 12 kwana uku a jere a irin wannan ɓangaren, tana azumi, kuma a rana ta uku sunanta ya fito, ta ba da fitsari da la'asar bayan ta yi kusan sa'o'i goma ba ta kai ruwa bakinta ba. Ta ce da ta ɗaga ɗan kofin ta ga launinsa kamar shayin da ba madara. Wannan yana da tasiri sosai, domin gwajin yana auna kaurin sinadarin ne a cikin ruwan fitsari, saboda haka abin da zai nuna 100 a fitsarin wanda ya sha ruwa daidai yana iya ninkawa a fitsarin mai ƙishirwa. Ɗakin gwaji yana auna wani sinadari mai suna kiriyatinin don sanin kaurin fitsarin, kuma likitan da ya san aikinsa yana duba lambobin biyu tare. Sai dai maganin wannan ba shi ne a cika ciki da ruwa ba, domin idan kiriyatinin ya faɗi ƙasa da miligiram 20 a kowace desilita, ana ɗaukar fitsarin a matsayin wanda aka tsinka da ruwa, kuma shirye-shirye da yawa suna zargin mai shi da ƙoƙarin ɓoye wani abu. Mai azumi tana tsakanin waɗannan biyun: da safe bayan ta ɗirka ruwan sahur fitsarinta tsararo ne, da yamma kuma ya yi kauri. Tun daga wannan shekarar Yaya takan sanar da jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinta a rubuce kafin watan ya kama, ta kuma yi ƙoƙarin zuwa gwaji wajen hantsi zuwa azahar.

An dakatar da ita daga aiki nan take, kamar yadda yarjejeniyar ta tanada, har sai an kammala bincike. Washegari na tafi gidanta da jakar leda, muka fara daga banɗaki muna ɗauko kwalabe ɗaya bayan ɗaya muna karanta ƙananan rubutun da ke bayansu. Ruwan kurkure baki shi ne na farko. Listerine na asali mai launin ruwan zuma yana da barasa kashi 26.9 cikin 100, mai ɗanɗanon na'ana'a kuma 21.6, wato ya ninka yawancin giyar inabi ƙarfi, ko da yake kamfanin yana yin wanda babu barasa a cikinsa. A binciken da aka yi kan masu kurkurawa sau huɗu a rana suna tofarwa, lambar ba ta kai 500 ba, amma ga wadda layinta ke 100 wannan ba kwanciyar hankali ba ce, kuma idan gwajin na hura numfashi ne, ragowar da ke baki tana iya ɗaga lamba, shi ya sa ake jiran minti 15 a sake hurawa. A cikin akwatin magani muka sami NyQuil na ruwa, wanda ake sha da dare in mura ta kama, yana da barasa kashi 10 cikin 100. Ta riƙe kwalbar ta daɗe tana kallon ta, ta ce shekara nawa tana ba mutane shawarar su sha shi ba ta taɓa juya bayansa ba.

Kicin ne ya fi ba mu mamaki. Dokar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce ba za a kira abu tataccen ruwan banila ba sai yana da barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, wato dab da ƙarfin wuski, kuma ga shi nan a ɗan ƙaramin kwalba kusa da sukari a gidan kusan duk mai yin kek. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin kek ɗin da za a gasa a raba wa mutum goma ba wani abu ba ne mai yawa, amma wanda aka zuba a kirim ɗin da ake shafawa a sama, ko a kofin shayi, ko a yogot, bai ga wuta ba sam. Ko wutar ma ba ta kore barasa yadda muke zato. Na taso ina jin cewa da zarar abinci ya tafasa ta tashi, alhali teburin ma'aikatar noma ta Amurka, wanda aka gina kan binciken 1992, ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kashi 40 cikin 100 na nan, bayan sa'a guda kashi 25, kuma sai an yi sa'o'i biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Wannan ya shafi duk miyar gidan abinci da aka zuba wa giyar inabi, da kayan zaƙi irin su tiramisu, da mirin, giyar shinkafar da Japanawa ke dafa abinci da ita. Baƙin ruwan waken soya da ake tsimawa, wanda muke yaryaɗawa a soyayyar shinkafa, shi ma yana da kimanin kashi 2 cikin 100. Giyar da aka rubuta wa "marar barasa" doka ta yarda ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100, kombuca kuma, shayin nan mai tsami da ake sayarwa a matsayin abin ƙarin lafiya, yana ci gaba da tsimuwa a kwalba, har ta kai a 2010 an janye shi daga kantuna da dama saboda barasarsa ta haura ƙa'ida.

Ba na so in tsorata kowa fiye da kima, domin tsoro ma yana da nasa lahani, kuma na ga Yaya a kwanakin nan tana kallon ayaba kamar abokiyar gaba. Gaskiya ne cewa masu bincike a Jami'ar Bon ta Jamus sun nuna a 2010 cewa ayabar da ta nuna sosai, da kabejin da Jamusawa ke tsimawa, da giya marar barasa, suna iya ɗaga EtG sama da 100. Amma mutanen sun ci da yawa ne ƙwarai a zama ɗaya, kuma lambar ta sauka cikin sa'o'i uku da rabi ga ayaba, biyar ga kabeji, goma sha uku ga giyar. Ayaba ɗaya da karin kumallo ba ita ce za ta ƙwace lasisin kowa ba. Haɗarin yana cikin taruwar ƙananan abubuwa a rana guda, sanitaiza sau tamanin, da kurkure baki, da yankan kek, da ƙishirwa, sannan sunan mutum ya fito a wannan ranar.

Akwai kuma abin da takardar shirin ba ta ambata ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san kicin ɗinmu ba. Duk abin sha mai zaƙi da aka bari ya kwana a wuri mai ɗumi, yis ɗin da ke cikinsa yana fara cin sukarin yana mayar da shi barasa da iska. Mun san alamar tun muna yara: kunun zaƙin da robarsa ta kumbura ta yi tsit in an buɗe, zoɓon da aka zuba wa abarba ya kwana biyu ya fara cizon harshe, lemon citta da ya soma kumfa. A gida sai mu ce ya juya, wasu su zubar, wasu su ce ai yanzu ya yi daɗi. A nan kuwa, inda ake sayo su daga hannun 'yar'uwa mai yi a gida ranar Juma'a ko wajen suna da biki, robar ba ta da takarda, ba ta da ranar da aka dama. Yaya ta yanke wa kanta cewa ba ta shan kunu ko zoɓo sai wanda ta dama da hannunta a ranar, abin da ya rage kuma firiji kai tsaye. Daddawa ba ta cikin wannan lissafi, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da kalwa ba irin masu mayar da sukari barasa ba ne, don haka miyar kuka tana nan yadda take. Turare ne ya fi yi mata wuyar bari. Turaren fesawa yawancinsa barasa ce, tana kuma fesa shi ne a mayafi da wuya, dab da hanci, humrar da ake aiko mata daga gida kuwa babu rubutun abin da aka haɗa a jikinta. Ta koma ga turaren mai da turaren wuta, ta ba ni sauran kwalaben.

A nan ne na gane bambancin tambayoyi biyu da muke cakuɗawa. Idan muka tsaya a kanti muna duba abu, abin da ke ranmu shi ne ko ya halatta, kuma malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin turare mai barasa da ɗan abin da ke cikin magani ko kayan ƙamshin abinci, da yawansu sun sauƙaƙa a kan abin da ba ya sa maye. Na'urar ɗakin gwaji ba ta tambayar maye, burbushi take nema. Abu yana iya zama halal a wajen malaminki ya kuma fito a takardar sakamako. Abokan aikinmu Kirista da ke cikin shirin suna fuskantar irin wannan ta wata fuska, domin kurɓin ruwan inabin jibin Ubangiji a coci ma yana cikin abin da ake gargaɗin su a kai.

Abin da ya wanke Yaya abu biyu ne. Na farko, da aka duba cikakken sakamakon da aka tabbatar da LC-MS/MS, na'urar da ke tantance kowane sinadari daban, an ga EtS ɗinta bai kai layi ba, irin yanayin da aka gani a binciken Fulorida. Yana da kyau a san cewa gwajin farko na tacewa ba shi ne hukunci ba, har sanitaiza mai furofanol, wani nau'in barasa da ba itanol ba, ma tana iya ruɗa shi, shi ya sa tabbatarwa ta zama dole. EtS kuma ya fi EtG tsayawa a kan gaskiya idan akwai ƙwayoyin cuta a fitsari, domin ƙwayar E. coli, wadda ta fi kawo ciwon mafitsara, tana iya cinye EtG ya ɓace, tana kuma iya ƙera shi a cikin kofin bayan an ba da fitsarin idan akwai itanol a ciki, kamar yadda kan faru ga mai ciwon sukari wanda sukarin fitsarinsa ya tsimu. Na biyu, an ɗebi jininta an yi gwajin PEth, wani sinadari da ke taruwa a jikin jajayen ƙwayoyin jini idan ana shan barasa, yana kuma daɗewa mako 2 zuwa 4. Yawanci ana ja masa layi a nanogiram 20, kuma cuɗanyar yau da kullum ba ta cika kai shi can ba. Nata ya fito babu komai. Ta koma aiki bayan kwana tara, ba a biya ta albashin kwanakin ba, kuɗin ƙarin gwajin kuma ita ta biya.

Ba na cikin masu cewa a soke waɗannan shirye-shirye ko a daina gwajin. Na yi aiki dare da rana a gefen gadon mutanen da ba su iya ko ɗaga hannu, na kuma san abin da kuskuren allura ɗaya ke iya yi, saboda haka haƙƙin majiyyaci ne a tabbata wadda ke riƙe da sirinji tana cikin hayyacinta. Na kuma san cewa akwai waɗanda suka sha da gaske suka laɓe bayan sanitaiza, kuma jami'an shirin sun ji wannan uzurin har ya gundure su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun 2006 hukumar tarayya ta faɗa cewa ƙaramar lamba ita kaɗai ba hujja ba ce, kuma ba adalci ba ne asibiti ya wajabta wa ma'aikaciya shafa barasa sau ɗari a yini, shirin kuma ya ce alhakin duk abin da ya shiga jikinta nata ne ita kaɗai. Idan lamba ta faɗo tsakanin 100 da 500, kamata ya yi a duba EtS da kiriyatinin a ɗebi jinin PEth a ranar, kafin a taɓa abincin mutum. Kuma akwai nauyin da jami'ar da ta kira ta ba ta san ta ɗora mata ba. Yaya ta iya zama gaban mijinta ta faɗa masa maganar ƙwaya, domin ciwo ne ya ja ta, kowa kuma ya ga ciwon. Kalmar giya kuwa, a watan azumi, ga mace mai 'ya'ya da surukai a gida, ta ce ita ce ta hana ta barci, kuma har sakamakon jinin ya fito ba ta iya gaya wa kowa ba sai ni.

Yanzu tana shekara ta biyu a cikin shirin. Ta kai wa shugabar ɓangarensu takarda daga jami'ar shirin, aka amince mata ta riƙa wanke hannu da sabulu da ruwa a duk inda ƙa'idar asibiti ta yarda, inda kuwa babu makawa sai sanitaiza, tana miƙa hannuwan nesa da fuska ta juya kai har su bushe. Wankin sabulu sau da yawa ya tsattsage mata bayan hannu, musamman da hunturu, kullum da man kaɗanya a aljihun rigar aikinta. Tana da ɗan littafi da take rubuta duk maganin da ta sha da duk abincin da ta ci a waje, kuma ba ta jin nauyin tambayar mai kawo abinci ko an dafa da giyar inabi. Da ƙaramar sallar da ta wuce ni na ɗauki nauyin kek, na yi ta yawo har kanti na uku kafin na samo banilar da aka haɗa da gilisarin maimakon barasa. Na kai mata kek ɗin tare da kwalbar, ta sa tabarau ta karanta bayanta tun daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "To, ƙanwata, miƙo wuƙa."